Ranar da Goggo Hansai Ta Zama Kowa

Duk wanda ya san Goggo Hansai, yayar mahaifina, ya san ba a taɓa yi mata albishir ta ba da goro ba. Ka ce mata an yi ruwa a Kabo, ta ce mu gani a ƙasa. Ka ce jikarta ta sauka lafiya, ta ce mu gani a ƙasa. Ranar da na zo da rawar jiki na ce na samu aikin koyarwa, takalmina ta kalla, ta ce in sun sauya za ta yarda. Kai, mu 'yan Gammo mun sha haushin tsohuwar nan!

Kun tuna shekarar da kamfanin gas ya zo shimfiɗa bututu ta bayan gari. Aka tara mu a ƙofar mai gari, jami'insu na hulɗa da jama'a, wani saurayi ɗan Gwarzo mai suna Nura, ya kama lasifika. Tun a ranar Goggo ta raɗa masa Maroƙin Kamfani. Ya yi ta zuba cewa ba za a taɓa ruwan shanmu ba, gonaki kuma za a mayar da su yadda aka same su. Goggo ta ce mu gani a ƙasa.

Nura ya ce, "Ai Goggo, a ƙasan za mu binne bututun."

"To ka ga ke nan ba mai gani."

Da dariya ta lafa, Nura ya faɗi babbar dokarsu: kowa ya hango haɗari a wurin aiki, ya ɗaga hannu ya ce tsaya, aiki ya tsaya nan take. Goggo ta sa ya maimaita. Mu duk mun ɗauka kunne ne ya yi nauyi.

Da za a zagaya da dattawa wurin aikin, aka raba musu hular kwano, Goggo ta karɓi tata ta ƙi mayarwa. Bayan 'yan kwanaki Nura ya biyo sawu, ya tarar da ita tana dama fura a ciki. Ya riƙe baki, ya ce wannan ai don kare kai aka yi ta. Ta ce da bakinsa ya ce kwano, kanta yana da ɗankwali, furarta ce ba ta da mazubi. Ya sha kuwa, har ya nemi ƙari.

Abin ya daina zama wasa da bazara, lokacin da suka haƙa rami ya ratsa burtalin da ke kai dabbobi rafi, suka bar shi a buɗe. Shanun garin suka koma yin doguwar zagaye cikin rana, suna ramewa a idonmu. 'Yan shanun da marigayi mijinta ya bar mata su ne duk abin da Goggo ta mallaka, kuma karsanar da ta fi so ta faɗa ramin ta karye, sai yankawa aka yi. Maza suka kai kuka, aka ce ana dubawa. Ranar na ga Goggo ta ƙi cin abinci, raina ya ɓaci ƙwarai.

Washegari ta ɗauki sandarta, mu muka bi ta a baya, har da mai gari, kamar 'yan rakiyar amarya. Ta tsaya gaban katafila, ta ɗaga hannu ta ce tsaya. Direba, bawan Allah mai bin doka, ya kashe inji. Na bayansa suka kashe. Wurin ya yi tsit, sai ga manaja ya fito yana tambayar wa ya tsayar da aiki. Nura, cikin sauri, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kowa ba ce, wata tsohuwa ce."

Goggo ta juyo a hankali. "Maroƙi, ran nan ka ce kowa. Yau ka ce ni ba kowa ba ce. To zaɓi ɗaya a gaban mai gari: in ni kowa ce, aiki ya tsaya. In ba kowa ba ce, je ka faɗa wa uwarka haka ka ce da sa'arta."

Wayyo Nura! Ya durƙusa yana gumi ya ce wallahi ita kowa ce. Manaja ya sa ta nuna masa inda karsanar ta faɗa, ya daɗe yana kallon ramin, ya ce laifinsu ne. Ba a sake tayar da inji ba sai don cike mashigar burtali da killace sauran ramin, karsana kuma suka biya ta da wata. Kafin la'asar shanun Gammo suka tsallaka a guje, mata na guɗa, Goggo na tafe a gaba tana share ido tana cewa ƙura ce.

Da damina Goggo ta rasu, bayan gajeruwar jinya. Nura yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, yana kuka ba kunya. Har yau in na ga garke ya bi ta mashigar nan zuwa rafi sai in tsaya in yi mata addu'a.

Allah, baiwarka Hansai ta nema wa dabbobi marasa baki hanyar ruwa. Ka tsallakar da ita Siraɗi lafiya, Ka shayar da ita a tafkin Alkausara. Amin.