Kalmar Da Alhaji Ya Faɗa Wa Babana

Wata Asabar ce a daminar 1976, ina 'yar aji biyar, na dawo daga tsintar darbejiya na tarar da kayanmu a watse a bayan gidan Alhaji da ke Nassarawa. Tabarma, tukwanen Inna, har akwatin littattafaina duk suna cikin taɓo, direba da maigadi suna zazzage su. Agogon Alhaji ne ya ɓata, kuma Babana, da ya shekara goma sha biyar yana dafa masa abinci, shi aka fara tuhuma. Yana tsaye, hularsa a hannu. A ɗakin nan na bayan gida aka haife ni, a gindin mangwaron nan nake wanke-wanke da yin 'yar gala-gala, amma ranar sai na ji mu baƙi ne.

Bayan kwana uku aka tsinci agogon a ƙarƙashin kujerar Marsandi. Alhaji, ɗan kwangilar da kuɗin mai suka buɗe wa baki da Turanci, ya leƙo kicin, ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Misunderstanding ne, Malam Sule." Shi ke nan fa, ya shige mota!

Baba ya sa na rubuta kalmar a bayan littafina. "Ki tambayo mini malaminku. In haƙuri ya ba ni, mu zauna. In ba shi ba ne, mu tashi."

Malaminmu, Malam Bulus mutumin Zariya, ya ce ma'anarta rashin fahimtar juna, ana faɗarta ne idan mutum biyu suka saɓa ba tare da laifin kowa ba. Wallahi na so in yi ƙarya a hanya, don ina son ɗakin nan, ina son famfonmu da lantarkinmu. Amma na faɗa wa Baba yadda aka ce.

"Juna?" in ji shi. "To ni me na kasa fahimta?"

Kafin Juma'a mun koma ɗakin haya a Gawuna, inda nake bin layin rijiya kafin in tafi makaranta.

Yau gidan ya zama otal, Baba ya daɗe a ƙasa, ni kuma ina jin kalmar a ofis kusan kullum, daga bakin manya zuwa kunnen ƙanana. Har Baba ya rasu ba wanda ya ce masa yi haƙuri.