Kular Rigakafi a Jirgin Baba Mamman

Har yau ranar da muka kai allurar ƙyanda hayin gulbin Gummi ba ta fita raina ba. Ku sababbin ma'aikata ku matso, don an sha ba ku labarin nan a karkace, ana cewa wai na yi kuka. Ban yi kuka ba, ruwa ne ya fallatso mini a ido.

Wani watan Agusta ne, ina shugaban tawagar rigakafi. Ƙyanda ta ɓarke a wani ƙauye da ke bayan fadama, kuma gulbi ya yi ambaliya ya shanye hanyar babur. Shugabar asibitinmu ta kira ni da sassafe ta ce, "Malam Sani, kwana biyu babu wuta, ƙanƙarar ba ta daskare sosai ba. Ka tabbata kun isa kafin azahar."

Ga wanda bai san aikin ba, allurar tana tafiya ne a cikin kula, an kewaye ta da ƙanƙara. Kowace kwalba tana da ɗan farin tabo a jikinta. In zafi ya kama ta sai tabon ya yi duhu, kuma daga nan sai zubarwa, ko yara nawa ke jira.

Mu biyu muka tafi, ni da Hajiya Rabi mai yin allurar. A bakin ruwa muka tarar da jirage biyu. Ɗaya na Lawali, dogo mai inji. Ɗayan na wani tsoho, Baba Mamman: gindinsa a shafe kamar faranti, an kafa gora a tsakiya, an ɗaura mata wani faffaɗan mayafi da aka ɗinka da buhunan taki, mai kama iska.

Baba ya ce, "Ɗana, ruwan wagga shekara faɗi garai, ba zurfi ba. Inji ba ya ƙetare fadama."

Na dubi buhunan, na dubi farar rigata, na ce, "Baba, aikin gwamnati ne, sauri muke." Muka shiga na Lawali.

Tsakiyar gulbi kam mun wuce ta kamar jirgin sama. Muna shiga fadama farfelar injin ta naɗe shinkafar mutane, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Lawali ya tsinke ciyawa, ya tayar, muka yi taku goma, gindin jirgi ya kafe a laka. Haka muka yi ta yi har rana ta take. Na tuɓe rigata na rufe kular. Na girgiza ta a hankali, sai na ji ruwa yana motsi a ciki, ƙanƙara ta fara narkewa. Gumin da na yi a lokacin, na rantse ya ƙara wa fadamar nan zurfi.

Hajiya Rabi ta ce, "Oga, in ta lalace kai za ka yi wa iyayen yaran bayani. Ni ba ni na zaɓi jirgi ba."

Can sai ga buhunan taki sun kumbura da iskar da ke kaɗowa daga yamma, suna tahowa ba ƙara ba hayaƙi. Jirgin yana sulɓi a kan shinkafa, tana kwantawa tana tashi a bayansa. Ashe tsohon biyo mu ya yi.

"Aikin gwamnati, mi ya hwaru?" in ji shi.

Muka koma jirginsa. Ya karɓi kular ya ajiye a inuwar mayafin, ya ce mu zauna a ƙasa, a tsakiya, kada kowa ya jingina da gefe. Ya ja igiya, ya karkata mayafin, muka tafi. Ba ya duban gaba ma sosai, kan shinkafa yake kallo. Inda ganye ya fito da yawa ya san tudu ne, sai ya kauce.

Saura kaɗan mu isa, muna hango rufin ɗakuna, sai jirgi ya yi gurr ya tsaya a kan kunyar gona. Baba ya dubi kular, ya dubi Hajiya, sannan ya dubi tumbina.

"Malam, sauka."

"Baba, ban iya ruwa ba! Ina da iyali!"

"Sauka dai. In ka nutse ni ka biyan diyya."

Na yi salati, na bar wa Hajiya wasiyya, na rufe ido na diro. Ruwan bai kai gwiwata ba. Ina sauka jirgi ya taso kamar an sauke masa buhu biyar na gero, ya wuce. Haka na shiga ƙauyen nan a ƙafa, ba riga, laka har cinya, ina bin kula a baya, matan da ke jira a gindin tsamiya suna ta dariya.

Hajiya ta buɗe kular. Muka ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Duk tabon fari ne tas. Na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Kafin la'asar babu yaron da ba a yi wa allura ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, takardar tsarin aiki a ofis ake rubuta ta, amma hanya tana wurin masu hanya. In an tura ku hayi da damina, ku fara neman tsohon da ya fi kowa daɗewa a bakin ruwan, ku gaishe shi da kyau, ku tambaye shi. In ya ce ku sauka, ku sauka.