Reshen da Ya Leƙa Rufin Lassa

Sonaullah Magray mai kaɗo dun ne, wata irin gyaɗa ta bishiya, a ƙauyenmu, can ƙarshen kwarin Lolab. Shekara arba'in da ɗaya yana hawa manyan bishiyoyin dun ba takalmi, da doguwar gora a hannu, yana kaɗo 'ya'yansu masu taurin ɓawo, mata suna tsinta a ƙasa. Mutum ne siriri, marar yawan magana. In ya sauko sai ka ga idonsa bai gama saukowa ba.

Bishiya ɗaya tak gidansa ya mallaka. Mahaifin matarsa Raja ne ya ba Raja ita ranar da aka kai ta ɗaki, bishiyar tana tsaye a kan iyakar gidan Sonaullah da na maƙwabcinsa Lassa Dar. Babban reshenta, mai tsawon ƙafa talatin, ya miƙe daidai kan rufin ɗakin da Lassa da iyalinsa suke kwana. Shi ne kuma reshen da ya fi 'ya'ya.

Kowace kaka sai Lassa ya leƙo ta kan shinge.

"Kai tsohon biri, yaushe za ka sare min wannan abu? So kake a binne ni da kwanon rufi a ka?"

"Kai da ko aradu ba ta tashe ka daga barci? Bar ta. Ran da ta gaji za ta gaya mini."

A shekarar da Sonaullah ya cika saba'in, dusar ƙanƙara ta yi sammako. Ta sauko a mako na farko na Nuwamba, ganye bai gama zuba ba, jiƙaƙƙiya, mai nauyi, kowane ganye ya tallafi rabonsa. Gari ya waye fari fat, shiru kamar an toshe wa duniya kunne. Can sai ka ji ƙas! daga nesa, wata bishiya ta tsage a gonar wani.

Sonaullah ya fito da ɗan kaskon garwashinsa na ɗumama jiki a ƙarƙashin rigar ulu. Reshen ya sunkuyo, tsakaninsa da rufin bai fi kamu uku ba. Ya kara kunne a jikin bishiyar, ya lumshe ido. Da farko Raja ya gani a zuciyarsa tana amarya, zaune a inuwar nan tana fasa dun da dutse, yatsunta sun rine baƙi. Daga baya ya ji abin da yake tsoro, wani nishi siriri can cikin itacen, kamar tsohuwar ƙofa.

"Lassa! Fito da mutanenka, ka kawo igiya."

Lassa ya fito da bargo a ka. "Ta yi magana ke nan?"

"Ta yi. Kai ne dai ba ka iya yin shiru."

Raja ta tsaya a bakin ƙofa. "Maigida, da wannan gwiwar taka?"

"Taki ce, Raja. In kin ce a bari, a bari."

Ta daɗe tana kallon reshen, ta dubi jikokin Lassa da aka fito da su a nannaɗe. "Sare," ta ce, ta koma ciki.

Ya tuɓe takalma. Da gora ya fara, yana zungurar ƙananan rassa daga ƙasa, domin wanda ya fara kaɗe na sama zai jibge wa na ƙasa nauyi su karye. Sannan ya hau. Ya ɗaure reshen ga wanda ke bisansa, ya jefa wa Lassa da 'ya'yansa maza bakin igiyar, ya bi shi da zarto daga tsini, gaɓa-gaɓa, kowace a sauke ta a hankali. Dusa tana ta zuba a kansa. Daga can sama ba ya ganin ƙauye, sai hayaƙi yana tashi daga cikin fari, har ya riƙa jin kamar bishiyar ce ke tafiya da shi.

Gaɓa ta bakwai ta suɓuce, ta rusa shingen, ta bar rufin lafiya.

"Shingena!" in ji Lassa.

"Rabinsa nawa ne. Yi kukan rabi."

Da azahar ya sauko, ƙafafunsa sun yi shuɗi. Matar Lassa ta kawo shayin gishiri, amma yatsunsa suka kasa riƙe kofin, sai Lassa ne ya kai masa baki yana mita. Kafin Sonaullah ya sha na biyu ya sa aka kwaɓa masa laka da kashin shanu, ya ce a jingina tsani ya shafe inda ya sare reshen. Miki ne, in ji shi, ba a barinsa a buɗe cikin sanyi.