Ranar da Na Mayar da Ƙorai

Mu huɗu ne a tsakar gida ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar: ni, da ɗana Sahabi, da matarsa Luba tana tsince shinkafa, sai jikana Mubarak da ke ajin ƙarshe a sakandare nan Gwandu. Yaron ya iya wannan ƙwallon da ake jefawa da hannu. Tun bara wani malamin wasa na wata kwaleji a Kalgo ya zo har zaurenmu, aka yi magana, Mubarak ya ce ya amince zai je can ya yi musu wasa, su kuma su ba shi gurbin karatu. To ranar Talatar nan yana cin gyaɗa ya ce ya fasa, wata makaranta a Sakkwato ta fi.

Na ce, “Mi kac ce?”

Ya ce, “Kaka, ai na riga na tura mishi saƙo.” Har ya miƙo mini wayar, ni da ban san baƙi ba.

Zama ya gagare ni. Na tashi na kwance akuya, na sake ɗaure ta, na share inda Luba ta riga ta share. Abin da ke cina ya fi shekara hamsin.

Ina 'yar shekara goma a Maruda, yayana Mode shi ne ɗan kokawar da gari ya sa wa ido. A lokacin idan saurayi ya ce zai tsaya wa gari a kokawar kaka, gari ne ke ciyar da shi. Gida tara suka ɗauki Mode. Kowane gida ya bar ƙwarya ɗaya a wurin Innarmu, kuma ba a mayar da ita sai bayan kokawa, da goro a ciki. Ni ce mai yawo da su. Da safe kafin in kai wa Baffa, mahaifinmu, abinci gona, sai in bi gidan da ke da ranar in karɓo fura da nono. Na san kowace ƙwarya: ta gidan Goggo Ige mai ɗinki a baki, ta gidan maƙera da ta sha hayaƙi. Ina tafe ina jin yara na 'yar gala-gala a dandali, ba halin tsayawa, don Inna takan ce, “Furar gari ce a kanki, ba ta ubanki ba.” Mode kuwa ya sha, ya goge baki, ya ɗaga buhun gero da hannu guda don in yi dariya. Har makaɗi Buda ya yi masa take, mata suna yinsa a bakin turmi.

Saura kwana uku a kara da 'yan Dalijan, wani mai hali daga Dangoma ya ce zai ba shi keke idan ya tsaya wa garinsu. Mode bai gaya wa kowa ba. Muka tashi, babu shi, babu warkinsa na kokawa. Ranar kokawa Buda ya buga takensa sau uku a fage, kowa na waige, ba wanda ya fito.

Baffa ya daina zama majalisa. Inna ta kasa haɗa ido da maƙwabta, sai ta jera ƙoran tara a faifai ta ɗora mini. Babu goro ko ɗaya. Na bi gida gida da rana tsaka, ƙafata na ƙuna. Wasu suka karɓa suka juya mini baya, wannan ya fi zagi ciwo. Goggo Ige ta juya tata ta leƙa ciki, ta ce, “Shi da ya sha ba shi da ƙafa ne, sai ke?” Ban kai gida na shida ba na fara kuka, amma sai da na gama. Mode ya dawo bayan shekara biyu a kan kekensa, gari ya yafe masa, har ya yi jikoki. Bai taɓa tambayata yadda na yi ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Ban ce yaro kada ya nemi inda ya fi masa ba. Wataƙila Sakkwaton ce alherinsa, kamar yadda keken nan ya ciyar da Mode shekara da shekaru. Amma a da, ko mai fasawa ya gudu, sai wani na gidansu ya tsaya a ƙofar mutane an kalle shi. Yanzu yatsa ɗaya ya gama magana, ba wanda fuskarsa ta yi zafi. Malamin nan ya cire takalmi a zaurenmu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya hana wani yaron gurbin saboda namu. Kunya tana da nauyi, kuma wanda ya jawo ta shi ya kamata ya ɗauka.

Washegari ina idar da sallar asuba na yafa mayafina, na buga wa Mubarak ƙofa. Ya fito yana murza ido, ya ce ina za mu.

Na ce, “Kalgo. Ba zan ce uffan ba. Zan tsaya bayanka, ka faɗa masa da bakinka.”

Na sa shi gaba har tasha.