Baballe Mai Mukullin Gidan Kallo

Ni tela ne, kuma tela ba ya rasa labarin gari, domin mutum yakan saki baki in ana gwada masa wuyan riga. Baballe kuwa ba a shago na san shi ba. Tare muka yi kiwon awaki a filin da kanal ya ratsa yanzu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ban taɓa ganin manomin rani kamarsa ba, ban kuma taɓa ganin wanda ƙyashi ya ci wa rai kamarsa ba. Duk wanda ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya bai yi masa adalci ba.

Kafin ruwan madatsar Tiga ya iso mana, Baballe ɗan ci-rani ne kamar kowa. Ana gama kaka sai ya tafi birni dako, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Da aka haƙa kanal aka yanka filaye, shi ne ya fara sanin kan saifon, lanƙwasasshen bututun nan da ake zuƙo ruwa da shi zuwa cikin gona. Wasu sai su yi ta fama da shi har wandonsu ya jiƙe sharkaf. Baballe zai nutsa shi a ruwa, ya toshe bakin da tafin hannu, ya wurgo shi ƙetaren gaɓa, ruwa ya kama gudu kamar an kira shi da suna. Tumatirinsa da alkamarsa har daga Kadawa akan zo gani. Saboda wannan natsuwa tasa, lokacin da gwamnati ta gina mana gidan kallo ta kawo talabijin da janareta, dagaci bai yi dogon tunani ba ya damƙa masa mukulli.

Yana da taubashi, Uba, ɗan Gwaggo Indo ƙanwar mahaifinsa. Uba yana taɓa noma, amma rabin ransa na kan dillancin tumatir, kuma bakinsa ya fi fartanyarsa kaifi. Kowa ya san dokar taubasantaka: duk abin da taubashi ya gaya maka wasa ne, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Wannan doka ita ta ɗaure Baballe shekara da shekaru.

A majalisar ƙofar shagona kullum su biyun ba sa shan inuwa ɗaya a kan maganar talabijin. Baballe yana ganin akwatin gwamnati gatan talaka ne. Shi ke faɗa maka ranar da za a saki ruwa da ranar da za a rufe kanal, shi ke tuna maka lokacin shukar alkama da allurar yara, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofa ya ce sai ka biya. Uba kuwa cewa yake abin da ba mai shi ba ya daɗi. Rabin yini gwamna na duba fareti, rabi wani mai tabarau na karanta takarda. In da a hannun 'yan kasuwa abin yake, in ji shi, da kokawa da fim za a riƙa zuba mana, domin mai talla ba ya yarda ka yi gyangyaɗi a gabansa. Ni dai ina taka keken ɗinki ina jinsu, wani lokaci in ba wannan gaskiya, wani lokaci wancan, ya danganta da wanda ya kawo ɗinki.

Rannan malamin gona ya aiko cewa masu shirin manoma na gidan talabijin za su zo ɗaukar hoto, kuma Baballe aka zaɓa ya nuna yadda ake tayar da saifon. Tun a daren ranar ya kawo mini shadda fara ƙal, ya ce babbar riga yake so da aiki har ƙasa. Ba a ɗaukar mutum hoto da tsumma, in ji shi, balle hoton da Kano gaba ɗaya za ta gani. Na ɗinka, kuma ba yabon kai ba, rigar ta yi.

Baƙin suka iso da hantsi, ba a lokacin da aka zata ba, suka tarar da shi tsamo-tsamo cikin taɓo. Ya gaishe su, ya ce su ba shi ɗan lokaci, ya hau keke ya nufi gida. Ya yi wanka, ya shafa mai, ya tsaya aka karya masa hula. Abin da bai sani ba shi ne mutanen taɓon suka zo nema. Rana na yi, mai ɗaukar hoto na ƙorafi, sai ga Uba ya biyo ta gaɓar kanal da yagaggiyar singileti. Suka tambaye shi ko ya iya saifon, ya ce tun yana ciki. Sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin ruwa ya kama, amma wanda ya kama ɗin shi suka ɗauka. Lokacin da Baballe ya dawo yana baza ƙamshi, ana naɗe waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a ce sau ɗaya aka nuna abin, da ya wuce. To, sai hoton ya burge su, suka mayar da shi mabuɗin shirin. Duk ranar Talata bayan la'asar, da an sa kiɗan shirin manoma, sai ga Uba ya cika akwati yana wurga saifon yana washe baki. Gonar ta Baballe ce, saifon nasa ne, har butar da ke gefe tasa ce. Kuma shi ne mai mukulli, da hannunsa zai tayar da inji ya kunno wa gari taubashinsa.

Uba bai raga masa ba. In sun haɗu sai ya ce, "Yaya, ango, an gama shafa man? Ka riƙa goge gilashin nan da kyau, jiya na ga ƙura a goshina."

Jama'a su kwashe da dariya, Baballe ma ya yi yaƙe. Sau ɗaya na ji ya faɗi abin da ke ransa a fili. Ya ce, "Wallahi Uba, na tsani ganin fuskarka a akwatin nan." Aka yi dariyar da ta fi ta kullum, har ana tafa masa, wai yau ya rama. Ni da nake kusa na ga jijiyar wuyansa, na san ba wasa a ciki. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, domin mutum mai gona irin tasa bai kamata inuwa a gilashi ta hana shi barci ba.

Daga nan janareta ya koyi ciwon Talata. Sauran ranaku ja ɗaya yake tashi, amma ranar shirin manoma sai Baballe ya durƙusa yana kwance fulogi yana hurawa, yana tsaki, har sai ya daidaici an wuce mabuɗin. Kowa ya gane. Uba da kansa yakan tsaya a kansa yana ba shi shawarar gyara. Mutum ɗaya ce duk wannan bai dama ba, Gwaggo Indo. Ba ta taɓa taka gidan kallo ba. Ta ce in tana son ganin ɗanta aikawa za ta yi a kira shi, ba sai ta je leƙen akwati ba.

Da aka shiga shekarun matsi, sai labari ya zo cewa gwamnati ta ce gidajen talabijin su fara neman na kansu ta hanyar talla, shirin da bai sami mai ɗaukar nauyi ba kuma ya san inda dare ya yi masa. Na zaci Baballe zai tayar da jijiyar wuya. Sai na ji shi a majalisa yana cewa ai dama kayan gwamnati sun tsufa, hoto ɗaya ake ta maimaitawa kamar ba sauran manoma a ƙasar, gara a ba 'yan kasuwa su kawo sabon abu. Na dakatar da keke na dube shi. Uba ya ce alhamdu lillahi, yau ya musuluntar da taubashinsa. Ni na san ba hujjar Uba ce ta karya shi ba.

Ana haka sai wani Alhaji Dattijo mai sayar da maganin feshi a birni ya ɗauki nauyin shirin manoma. Yana son manomi na gaske wanda ake jin maganarsa ya riƙe kwalbar maganin a gona, kuma ya ce lallai a sa manyan kaya don a ga alamar arziki. Baballe aka nuna masa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Baballe ya ciro shaddar nan daga ƙasan adaka ya kawo mini na sake mata guga. Bayan an ɗauka, tambaya ɗaya ya yi wa yaran Alhaji: tsohon mabuɗin fa? Suka ce ranar da tallan ya fara, ranar za a sauke shi, sai dai ba su san wane mako ba ne. Ya dawo yana raba goro a majalisa kamar an yi masa haihuwa.

Bai kai ga ganin ranar da idon da ya so ba. Uba ya bi motar tumatir zuwa Kudu, motar ta faɗi da su a hanya, can aka yi masa sutura. Ko gawarsa ba mu gani ba. Baballe ya zauna karɓar gaisuwa, ya rame a 'yan kwanakin nan har rigarsa ta yi masa yawa.

Bayan sadakar bakwai, wata ranar Talata, na hango Gwaggo Indo tana dogara sanda ta nufo gidan kallo. Uba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba in ban da ranar saifon nan, ba ta da ko ɗan kati da za ta duba. Ta sami Baballe a ƙofa.

"An ce ɗan'uwanka na cikin akwatin nan naka, har yana motsi," in ji ta. "Ka kunna mini in gan shi."

Ya shimfiɗa mata tabarma a gaba, ya kori masu tsayawa su tare mata. Tun rana ba ta yi sanyi ba ya tayar da inji, ja ɗaya ya tashi. Ya ɗauki gefen rigarsa ya goge gilashin. Ina kusa da shi, ina jin leɓensa na motsi, kuma na san abin da yake roƙo: kada ya zama wannan makon.

Lokaci ya yi. Kiɗan da aka sa ba wanda muka sani ba ne. Sai ga Baballe ya cika akwati, farar shadda na ɗaukar ido, hula a karye, kwalba a hannu, yana murmushin da ya yi shekaru yana tanadi. Gwaggo ta matso, ta kare ido da hannu.

"Wannan ba kai ne ba, Baballe?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Rigar ta yi maka kyau. To shi sai yaushe zai fito?"

Ya ce ta ɗan ƙara haƙuri. Ta zauna har aka gama shirin, aka sake nuna Baballe da kwalbarsa, aka kira magariba.

Washegari ya sa rigar nan ya tafi birni, ya yi ta roƙo daga ofis zuwa ofis ko za a nuna tsohon hoton sau ɗaya tak. Aka gaya masa kaset ya yi tsada, an riga an ɗauki wani abu a kansa. Ya dawo ya naɗe rigar, ban sake ganinta a jikinsa ba, kuma bai sake sa baki a gardamar talabijin ba. Ni kaɗai ya gaya wa abin da aka ce masa a birni. Gwaggo ba ta sani ba. Duk Talata tana zuwa da sandarta, shi kuma yana shimfiɗa mata tabarma ya tayar da inji da wuri.