Sholishon Gwadabe Mai Faci

Gwadabe ya daɗe yana facin keke a bakin gadar Wudil kafin arzikin man fetur ya cika gari da babura. Zuwansu bai sa ya sauya hannu ba. Yakan kankare tiyub da dutse, ya shafa sholisho kaɗan, sannan ya jira. A cewarsa, sai sholisho ya kwanta ya bi kowane lungu na robar tukuna yake riƙewa. In aka labta shi, ko aka manna da ɗanye, kansa kawai yake kamawa.

Wata rana da azahar surukinsa Ya'u ya turo babur, tayar baya ta sace. Murja, 'yar Gwadabe, tana naƙuda a ƙauyen Achika tun safe, ungozoma ta ce a ɗauko malamar asibiti.

Ya'u ya tsuguna ya ce, "Baba, don Allah a manna haka nan."

"In na manna yanzu, a tsakiyar hanya zai ɓalle, ku yi ta turi. Zauna."

Gwadabe bai manna ba sai da sholishon ya daina bin yatsa. Ya daddanna facin, ya buga iska.

Gab da magariba Ya'u ya dawo.

"Baba, ta sauka lafiya. Mace aka samu."

Gwadabe ya yi hamdala, ya latsa tayar, ya ji ta da tauri. Sai a lokacin ya tuna bai ci abincin rana ba.