Bargon Iya Barira

A gonar auduga aka haifi Salahuddin Nagoggo, can yankin Jazira, amma hannunsa bai daɗe a auduga ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya sauka birni, a kasuwar Suk al-Arabi, ya koyi tafireta a wajen wani mai rubuta wa mutane takardun koke. Daga nan wata ƙaramar maɗaba'a a garin Bahri, ƙetaren kogi, ta ɗauke shi, ya shekara ashirin da shida yana tsara shafukan littattafan makaranta da takardun jarrabawa. Kullum sai ya haye gada daga unguwarsu Alsawra, ya dawo da tawada a bakin hannun jallabiya.

A 2016 ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu har gwiwa. Mai maɗaba'ar, Alhaji Salih, ya so ya sallame shi cikin mutunci, don takardun jarrabawa ba sa fita daga ginin. 'Yar Alhajin, Duha, wadda ta karanci kwamfuta, ita ta hana. Ta zo har gida ta saka wa Nagoggo VPN a wata tsohuwar kwamfutar cinya. Ammu take ce masa, wato baffa.

"Ammu, takardun suna Bahri, ba za su motsa ba," in ji ta. "Kai ne za ka riƙa shiga na'urar ofis daga nan. Ka sa kalmar sirri, sai ga aikinka a gabanka."

"Ba mota, ba gada?"

"Ko ɗaya."

Ya riƙe abin da gaske. Da safe sai ya yi wanka, ya naɗa rawani, ya zauna bakin gado ya yi bismilla, sannan ya shiga. Matarsa Zuhura ta riƙa yi masa tsiya, wai wa zai ga rawanin. Ya ce aikin yana gani.

Sai dai kullum bayan fatur, kalacin hantsi, hanyar shiga na'urar sai ta yanke, ba ta dawowa sai washegari. Aka zargi kamfanin waya, aka zargi wuta. Duha ta duba na'urar da safe, lafiyarta lau. Rannan Alhaji ya bugo waya.

"Nagoggo, mu gaya wa juna gaskiya. Ƙoshi ke kwantar da kai. Ranar Alhamis za a zo karɓar takardun jarrabawa. In ba su fito ba, wani zan nema."

Ran Laraba Nagoggo ya ɗauki sandunansa ya shiga motar haya, karo na farko tun da aka yanke ƙafar. Ya isa Bahri ana dab da azahar. A kusurwar da ya saba zama, sai ya tarar da na'urar lulluɓe da bargo, an soke gefe da gefe, ta ɗau zafi har ta kashe kanta. Da safe mai buɗe ƙofa ke yaye lulluɓin injuna ya kunna, shi ya sa Duha ba ta taɓa gani ba.

Iya Barira, tsohuwar da ke shara da dafa musu shayi, tana gefe da tsintsiya.

"Iya, wa ya rufe wannan?"

"Ni mana. Ba kai ka koya mini ba ran da na fara aiki? Ka ce in mutum ba ya kan inji a rufe masa, ƙurar Bahri ba ta da kunya. Tun da ka kwanta ban fasa ba, kullum in na zo shara bayan fatur sai na rufe. Ƙyallen rufewar ma na ga ya yi shara-shara, na kawo bargona, kar ka dawo ka ce an wulaƙanta kayanka."

Nagoggo ya daɗe yana kallon bargon. Alhaji ya leƙo yana tambayar me aka gano.

"Laifina ne, ya Haj. Ni na kafa doka, ban zo na warware ba." Ya juya wajen tsohuwar. "Iya, ko kin ga kujerar nan ba kowa, ina kanta. Daga gida nake aiki a cikin na'urar. Ki bar ta ta sha iska."

Barira ta dubi kujerar, ta dube shi.

"To shayinka fa? A riƙa ajiyewa?"

Takardun sun fito ran Alhamis, daga bakin gadonsa na Alsawra ya ƙarasa su. Bargon ya roƙa aka ba shi, shi yake ɗorawa a cinya in sanyin safe ya dami dungun ƙafar. Duha ta ce Iya Barira ta daina rufe na'urar, amma in ta zo share kusurwar sai ta yi sallama tukuna.